ƁERA A GIDAN KIWO: DAGA BUHUN FID HAR WAYAR MOTA



Idan mutum ya kawo mini lissafinsa na fara kiwo in duba masa, kusan abu ɗaya nake gani: kuɗin 'yan tsaki, kuɗin abinci, rigakafi, gawayin ɗumama ɗaki, mazubin ruwa da na abinci. Mai kifi kuma ya rubuta tanki, 'ya'yan tarwaɗa, fid da man janareta. Har yau ban ga wanda ya ware layi guda ya rubuta ɓera ba. Alhali ranar da buhun fid na farko ya kwana a gidanka ka yi baƙo, kuma ba mai kwana ɗaya ba ne.

Mu yi masa lissafinsa tare. Babban ɓera yana cin giram 15 zuwa 30 a rana, gwargwadon girmansa. Mu ɗauki 25. Ɓeraye ɗari ke nan suna cin kilo biyu da rabi kullum. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, wato duk kwana goma sun tashi da buhu guda, a wata buhu uku. Je ka tambayi kuɗin buhu yau ka ninka sau uku. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, don haka abin da ɓerayen nan ke ci ya kai na kaji ashirin da ɗoriya, kajin da ba za su taɓa ajiye maka ƙwai ko ɗaya a kiret ba. Kuma fa wannan abin da ya shiga cikinsu ne kawai. Wanda suka fasa buhu ya zube, da wanda suka yi wa fitsari da kashi, ya fi wanda suka ci yawa nesa ba kusa ba.

Na san wani zai ce, haba Malam, ɗari a ɗan wannan keji nawa? To saurara. Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne, kusan daidai da kwanakin da kaza ke yi a kan ƙwai. Haihuwa ɗaya 'ya'ya shida zuwa goma, wani lokaci fiye. Kwana ɗaya ko biyu bayan ta haihu tana iya ɗaukar wani cikin, 'ya'yan kuma wata biyu zuwa uku sun isa su fara nasu. Inda akwai abinci da ruwa da maɓoya, kafin ka fitar da buroila zubi biyu, mace da namiji sun zama unguwa guda. Kuma ɓera dabbar dare ne. In har ka fara ganinsa da rana tsaka yana tsallaka tsakar gida, sun yi yawan da masu ƙarfi suka hana marasa ƙarfi ci da dare ke nan.

In kana son sanin gaskiyar wurinka, yau bayan isha'i ka kashe fitila, ka ba su kamar awa ɗaya, sannan ka shiga a hankali da tocila ka haska saman katakon rufi da gindin bango. Ni kuma wata dabarar da nake yi ita ce in barbaɗa toka mai laushi a bakin ƙofar sito da gindin bango da yamma. Da safe sawunsu zai nuna maka ta ina suke shiga, ina suka nufa. Ka duba kashi ma: sabo baƙi ne mai sheƙi da taushi, tsoho ya bushe ya yi fari-fari. Akwai kuma wani baƙin maiƙo da jikinsu ke bari a bango da katako inda suke yawan bi. Duk inda ka ga wannan, babbar hanyarsu ce, kuma nan za mu dawo da tarko.

Ba duka ɓera ne iri ɗaya ba. Akwai baƙin nan mai wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo, gwanin hawa, shi ne ke gudu a silin yana hana ka barci, shi ke bin waya da reshen bishiya ya sauka ɗakin kaji ta sama. Akwai ɗan ƙaramin, wanda wasu ke ce wa kusu, cinsa kaɗan ne amma ba ramin da ba ya shiga. Akwai gafiya, mai haƙa a gindin gini tana jidar masara da kumatu tana kai wa rami. Jaba kuwa, mai dogon baki da wari, asali ma ba dangin ɓera ba ce, ƙwari ta fi ci, ba ita ke fasa maka buhu ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɓeran nan mai nonuwa da yawa, mai zama tsakanin gona da gida. Shi ne ke ɗauke da cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno. Shi ɓeran ba ta yi masa komai, amma tana cikin fitsarinsa da kashinsa. Ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da gonaki suka bushe, aka ƙona daji, ɓeraye suka yo cikin gari neman abinci. Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da hukumar NCDC ke yawan ambata kowace shekara, tare da Ondo da Edo. Tana farawa kamar maleriya ko taifot, shi ya sa ake makara. Mu da muke wuni cikin sito muna zazzage buhu muna shaƙar ƙura, maganar nan tamu ce. Wanda zazzaɓi ya kama a gidan da ɓera ya yi yawa, aka sha maganin maleriya bai sauka ba, a tafi asibiti a faɗa wa likita maganar ɓeran. Yaran da ke farautar ɓera da gafiya suna gasawa kuma a hana su.

Su kajin ma ba su tsira ba. 'Yan tsaki na satin farko da na biyu, ɓera ɗaya yana iya kashe da yawa a dare guda, ya ja wasu rami. Sai ka ƙirga da safe ka ga babu biyar, babu gawa, ka fara zargin yaron da ke maka aiki. Kafin ka zargi ɗan mutane, duba gindin bango. Manyan kaji kuma yana cizonsu a ƙafa, yana fasa ƙwai, yana firgita su cikin dare, kuma kazar da ba ta samu natsuwa ba ƙwanta raguwa yake. Ga cuta: ɓera yana yawo da ƙwayoyin salmonela da na kwalarar kaji daga wannan gida zuwa wancan. Ka wanke ɗaki, ka yi feshi, ka ajiye ruwan tsoma ƙafa a bakin ƙofa, ka hana baƙi shiga, shi kuwa ya fito daga bolar maƙwabta ya bi ta rufi ya sauka cikin mazubin abinci.

Mai kifi kada ya ce ba ruwansa. Fid ɗin kifi akwai garin kifi da mai a ciki, ƙamshinsa yana kiran ɓera fiye da na kaji, ga shi buhun kilo 15 ya fi buhun kaji tsada. Tankin tampol kuma ɓera yana huda shi ta ƙasa, musamman inda ya naɗe ko inda abinci ya zube a gefe. Na taɓa zuwa gonar wani da ya wayi gari ruwan tankinsa ya tsiyaye saura kaɗan, tarwaɗa na ta birgima a ƙasa, ramin kuwa bai fi bakin kwalba ba. Allah ya taimake shi tarwaɗa ce mai jure rashin ruwa, da karfasa ce da sai dai a kira masu banda. Fitsarin ɓera a ruwa kuma yana ɗauke da wata cutar da ke shiga jikin mutum ta rauni ko ta ido, ta kawo zazzaɓi, wani lokaci har shawara da ciwon ƙoda. In da ciwo a ƙafarka ko hannunka, kada ka shiga kandami sai da takalmin roba da safar hannu.

Sannan inda ɓera ya yi yawa, maciji na tafe. Mutane da yawa suna kashe gamsheƙa a ɗakin kaji su ce ƙwai ta zo sha. Eh tana sha, amma sau da yawa ɓera ta biyo.

To yaya za a yi? Yawancinmu abin da muke fara yi shi ne mu aika yaro ya sayo maganin ɓera. Ni a wurina shi ne na ƙarshe. Dalili kuwa, ɓeran da ke da buhun fid a buɗe a gabansa me zai kai shi cin gubarka? Ko ka kashe hamsin, muddin abincin na nan, wasu hamsin ɗin za su maye gurbinsu kafin wata biyu. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A fara da daddawar.

Buhu ba ya kwana a ƙasa, ba ya jingina da bango. A yi masa dandamali na katako ko ƙarfe mai tsayin kamar taku ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a bar tazarar da mutum zai iya zagayawa da tsintsiya tsakaninsa da bango. Kakanninmu da suke ɗora rumbu a kan duwatsu ba don ado suke yi ba. Buhun da aka riga aka buɗe a juye shi cikin durom na ƙarfe mai murfi. Na roba mai kauri ma yana taimakawa, amma babban ɓera in ya samu gefen da haƙorinsa zai kama, zai huda shi. Ke Hajiya mai kaji talatin ko hamsin a tsakar gida, durom ɗaya ya ishe ki, kuma kada ki ajiye fid a kicin ko ɗakin da ake ajiye abincin gida, don kada ki haɗa musu walima biyu wuri ɗaya. Kada kuma a sayi abincin da zai wuce wata guda a ajiye, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Masu haɗa fid da kansu, masara da waken suya da dusar da ake shanyawa a ƙasa a kwashe kafin magariba.

Kajin da suka girma ba sa ci a cikin duhu. Saboda haka abincin da ya kwana a mazubi ba nasu ba ne, na ɓera ne. Ka auna abin da za su cinye kafin dare, in ya rage ka kwashe ko ka rataye mazubin sama ka rufe. Kada ka cika mazubi fal har suna watsarwa, rabi ko ƙasa da haka ya isa. Ƙwai a kwashe kafin a rufe ɗaki. Kazar da ta mutu a fitar da ita nan take a binne da zurfi, kada a jefa bayan katanga. Ruwa ma haka: babban ɓera sai ya sha ruwa kullum, don haka famfon da ke ɗiga da mazubin da ke yoyo rijiyarsa ce. 'Yan tsaki kuwa ana bar musu abinci da haske dare da rana, shi ya sa ɗakin rainonsu ya kamata ya fi ko'ina tsaro.

Maganar gini kuma, ga ma'aunin da nake so kowa ya riƙe. Ramin da biro zai shiga, ƙaramin ɓera zai shiga. Wanda babban yatsanka zai shiga, babban ɓera zai shiga. Ka ga ke nan wayar kajin nan mai manyan idanu da muke zagaye keji da ita, kaji take tsarewa, ba ɓera ba. Wadda ke hana shi ita ce ragar ƙarfe mai ido kwatan inci. Tana da tsada, na sani. In ba za ka iya zagaye ɗakin duka ba, sa ta a ɗakin 'yan tsaki, da tagogin sito, da bakin kwata. Ragar sauro ta roba kuwa minti kaɗan ce a bakinsa. Daɓe ya zama na siminti. Ramin da ka gani ka cusa masa soson ƙarfe na wanke tukunya ko fasassun kwalabe, sannan ka shafe da siminti, don in ka toshe da tsumma ko ƙasa kawai gobe zai buɗe. Ƙofar katako a buga mata langa-langa a ƙasa, kada a bar tazara tsakaninta da daɓe. A duba inda kwano ya haɗu da bango, nan ne ƙofar baƙin nan mai hawa. Reshen da ya kwanto kan rufi a sare shi. A zagaye ginin da fili fetal na aƙalla mita ɗaya: ba ciyawa, ba tarin bulo, ba tsofaffin buhuna, ba itacen girki. Ɓera ba ya son tsallaka fili a buɗe.

Wanda bai riga ya yi gini ba shi ya fi kowa sa'a, don duk wannan a lokacin gini kuɗinsa kaɗan ne.

Sai tarko. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a sayi tarko ɗaya, a ɗana a tsakiyar ɗaki, a kwana biyu bai kama ba a ce ba ya aiki. Babban ɓera yana da tsoron sabon abu, yakan yi kwanaki yana kewaye shi. Don haka ka ajiye tarkon da abinci a kai ba tare da ka ɗana ba, kwana biyu ko uku, sai ka ga sun saba suna cinyewa, sannan ka ɗana duka a dare ɗaya. Kuma da yawa ake sawa, goma ko fiye, ba ɗaya ba. A jikin bango ake ajiyewa, bakin tarkon yana fuskantar bangon, a kan hanyar nan da toka ta nuna maka. Na masu hawa kuma a ɗaure a kan katakon rufi. Abin da na ga sun fi so shi ne busasshen kifi, ƙuli-ƙuli da tunkuza. A ɗaure shi da zare yadda sai ya ja. A cikin ɗakin kaji a kifa kwali ko akwati mai ƙofa biyu a kan tarkon don kada ya karya ƙafar kaza.

Akwai na bokiti ma, wanda ba ya cin kuɗi: ruwa rabin bokiti mai zurfi, a soke gwangwani da sanda ko waya a gicciye a bakin bokitin yadda zai riƙa juyawa, a shafa masa tunkuza, a jingina katako ya zama matakala. Ya fi kama ƙanana. In da yara masu rarrafe a gidan, a kwashe shi da asuba. Gam kuwa ban cika son sa ba. Ƙurar hunturu tana kashe shi cikin kwana ɗaya, yana kama 'yan tsaki, kuma ɓeran yana nan da rai yana fitsari a kai har ka zo ka ɗauka. Ko ta wace hanya ka kashe shi, kada ka taɓa da hannu. Sa leda a hannu ko ka ɗauka da shebur, ka binne ko ka ƙona.

Mage tana rage ƙanana, amma babban ɓera da gafiya sau da yawa kallonsu take yi, kuma ita ma ba ta ƙi ɗan tsako ba. A bar ta wajen sito, ban da ɗakin raino. Wadda muke jifa kuwa, mujiya, ita ce babbar mai cin ɓera. A Malesiya har akwatuna ake kafa mata a gonakin kwakwar manja don ta zauna ta yi wannan aikin. Mu nan da an ji kukanta sai a nemo dutse.

Yanzu guba. Iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai kashewa cikin sa'o'i, irin shinkafar ɓera da baƙar hodar nan da ake tallansu a ƙulle a leda, ba suna ba takarda. Ita ce ta fi haɗari ga yara da kaji da awaki, kuma yawancinta ba ta da makari. Ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba kuma ba zai sake kusantarta ba. Sai mai aiki a hankali, wadda ke hana jini daskarewa, ta kashe cikin kwana uku zuwa bakwai. A jikin kwalin za ka ga an rubuta Brodifacoum ko Bromadiolone, ka kuma duba lambar NAFDAC. Ita ta fi aiki a gona domin ɓera ba ya gane abin da ya kama shi, kuma a asibiti tana da makari, wato bitamin K1. Amma kada wannan ya sa a raina ta. Kazar da ta ci, gubar tana zama a hantarta har ta fita a ƙwai, mage ko karen da ya ci mushen ɓeran shi ma yana iya tafiya.

Saboda haka ba a watsa ta a fili. Ni bututun roba na ruwa nake yankawa, mai faɗin inci uku, tsawon kamar taku ɗaya da rabi, in soke ƙwayar maganin da waya a tsakiya, in kwantar da shi a gindin bango ta waje in danne da bulo. Ɓera zai shiga, kaza da hannun yaro ba za su kai ba. Nesa da tankin kifi, nesa da inda ruwan sama zai wanke ya kai kandami. Duk safiya a zagaya a tsince matattu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an sayar da kaji, ɗaki ya zama fanko, an kwashe abinci: yunwa za ta kai su ga maganin. Kuma a kwashe shi tas kafin sababbin 'yan tsaki su iso. In ka samu maƙwabta kuka yi a mako ɗaya, ya fi, don ɓera bai san iyakar fili ba.

Abu biyu kuma don Allah. Ƙwayar nan da ake sa wa buhunan wake da masara don ƙwari, iskar guba take fitarwa, ta sha kashe mutane suna barci. Kada a jefa ta ramin ɓera a cikin gida ko ɗakin kaji. Na biyu, in yaro ya ci maganin ɓera, ba a tsayawa ba shi manja ko madara ana jira a gani. Asibiti kai tsaye, a tafi da kwalin ko ledar maganin.

To mu zo kan mota, don nan ne ɓarnar dare ɗaya ke iya fin ta wata guda a sito.

Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, suna ƙaruwa da wajen santimita goma ko fiye a shekara. Shi ya sa kullum yana cikin gwigwiya, katako ne, roba ce, waya ce. Ba yunwa ce ke sa shi cin wayar motarka ba. A Amurka masu motoci sun taɓa kai kamfanoni irin su Toyota da Honda kotu, suna cewa robar da ake rufe wayoyin sababbin motoci da ita an haɗa ta da waken suya, shi ke jawo ɓera. Kamfanonin sun musanta, suka ce ɓera na cin waya tun kafin a fara wannan haɗin. Ni dai na ga ya ci ta sabuwar mota, na ga ya ci ta tsohuwar akori-kura, bai tambayi shekararta ba.

Me ke kai shi? Ɗumi, duhu, da ƙamshi. Ka dawo da yamma ka kashe mota, injin yana nan da ɗumi har tsakar dare, musamman da hunturu. Ga motar mai kiwo ita ce ta ɗauko fid, ita ta ɗauko kiret ɗin ƙwai, ita ta kai kifi kasuwa. But ɗinta cike da ɓurɓushi, sannan a faka ta a jikin sito saboda sauƙin sauke kaya. Ta taya yake hawa ya shiga ƙarƙashin bonet. Ya yagi auduga ko soson da ke manne a jikin bonet ya yi sheƙa, wani lokaci a cikin akwatin da iska ke bi ta shiga inji, wani lokaci a bayan dashbod wajen fankar esi. Daga nan sai wayoyi, da tiyon ruwan gilashi, da na lagireto, har da na mai.

Motocin yanzu kuma ba kamar na da ba ne. Siririyar waya ɗaya ta sensa in ta yanke, sai ka ga fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, mota tana shaƙewa, tana shan mai, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya. Wahalar ma ba gyaran ba ce, nemo inda ya ci ne, mai wayarin zai iya wuni yana kwance kaya. Wanda ya fi muni shi ne wayoyi biyu da aka feƙe su haɗu. Nan zan ja kunnenmu a kan wata ɗabi'a: fiyus ya ƙone, a naɗa masa waya a ci gaba da tafiya. Fiyus ɗin nan ya ƙone ne don ya ceci motar. In yana ta ƙonewa, musamman ka ga kashin ɓera a inji, a nemo inda wayar ta haɗu. In ba haka ba, busasshiyar sheƙa ga ta, tartsatsi ga shi, mai ga shi. Kuma duk safiyar da ka ji warin fetur ko ka ga ɗigo a ƙarƙashin mota, buɗe bonet kafin ka murza makulli.

Abin da nake yi kuwa ba wani mai tsada ba ne. Ba na faka mota kusa da sito, ko bola, ko tarin itace, ko ciyawa. Fili nake nema mai haske, ko da zan ɗauki buhu a ka in ƙarasa da shi. Kafin in loda fid ina shimfiɗa tampol a but, in na sauke in kakkaɓe shi a waje in share. Ragowar gyaɗa, biskit ɗin yara, ƙashin tsire a ƙarƙashin kujera, duk a fitar. Gilashi a rufe ruf. A motoci da yawa, in ka danna maɓallin da ke sa esi ya riƙa juya iskar ciki kafin ka kashe mota, ƙofar da iskar waje ke shigowa tana rufewa, hanya ɗaya ta toshe ke nan. In gidanka da katanga da tsaro, ɗaga bonet da yamma har injin ya huce, ɗumin da duhun duk sun tafi. Sau ɗaya a mako ka haska cikin injin da tocila: kashi, ɓawon gyaɗa, yagaggen soso, ƙashin kifi a kan batir. In ka ga alama, tarko a gindin tayoyi huɗun, da yamma a ɗana da safe a kwashe.

Motar da aka ajiye ba a hawa ita ce gidan haya kyauta. Mai doguwar tafiya ya bar wa wani amintacce makulli ya riƙa fita da ita duk bayan kwana biyu ko uku. Tayar da ita a bar ta a wurin bai wadatar ba, ɗumama musu ɗaki kawai aka yi, a motsa ta a canza mata wuri. Rigar da ake lulluɓa wa mota har ƙasa tana tare ƙura, amma tana ƙara musu sirri, sai a riƙa yayewa ana dubawa. Mai babur da mai Adaidaita Sahu su ma su riƙa ɗaga kujera suna duba wayoyi da wajen batir.

Akwai kayan da ake talla. Honda suna da wani salatif na musamman mai sinadarin barkono da ake naɗe wayoyi da shi, kuma mai wayarin zai iya sa maka wayoyin da ke fili cikin bututun roba mai kauri, ya kuma sa ragar ƙarfe a bakin hanyar iska, wadda ba za ta toshe iskar ba. Waɗannan suna da amfani. Kafur da man na'ana'a da garin barkono kuwa, kwana kaɗan ne warin ya tafi ko su saba, kuma kafur kada ya kusanci fid ko ƙwai don suna ɗaukar warinsa. Na'urar nan da ake cewa tana fitar da ƙarar da ɓera ba ya so, ni ba zan sa kuɗina a kanta ba, sabawa suke yi. Guba a cikin mota kuwa kada ka soma. Zai ci ya shige bayan dashbod ya mutu, ka yi sati biyu kana tuƙi da gilashi a buɗe, ƙarshe sai an kwance dashbod ɗin.

In ka tarar ya riga ya yi sheƙa, kada ka share a bushe, kada ka hura da iska, kada ka kunna esi. Buɗe ƙofofi da bonet su sha iska kamar rabin awa. Sa safar hannu da takunkumi. Haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, ka jiƙa kashin da sheƙar, ka bar shi minti biyar, ka kwashe da tsumma ka ƙulle a leda. Kada dai ka kwarara ruwan bilic a kan wayoyi da soket. A canza matatar iskar esi in motar tana da ita, a kuma kai a wanke injin wurin wanda ya san inda ruwa bai kamata ya taɓa ba, domin warin fitsarin da ya bari shi ke nuna wa na bayansa hanya. Haka ma ake share sito, a yayyafa kafin a sa tsintsiya.

Duk abin da na faɗa a kan mota ya hau kan janareta, da inbata, da akwatin wutar famfon burtsatse, da injin ƙyanƙyasa. Na ƙarshen nan ma ya fi ban takaici: ɗumi ne da shi dare da rana har kwana 21, ga ƙamshin ƙwai. Waya ɗaya ya yanke a kwana na 15 cikin dare, zafi ya sauka ba wanda ya sani, zubin ya tafi. A ɗora shi a kan teburi mai ƙafar ƙarfe, nesa da bango, a rufe ramukan iskarsa da ragar kwatan inci, wayar da ke kawo masa wuta kuma a bi da ita ta cikin bututu.